Babu Na Uku da Rabi

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa, ni na katse addu'a. Ba da gangan ba. An dawo daga maƙabarta, maza sun cika ƙofar gida har bakin kwalta, liman ya ɗaga hannu, ni kuwa na sulale ɗakin Kaka don kada a ga ina kuka. Na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na danna maɓallin na'urarsa. Na manta in ta tashi tana yin wata ƙara kamar an taka wutsiyar ɓera. Na kuma manta Kaka ya bar muryar tele a ƙure, don kunnensa ya yi nauyi. Tagar ɗakin kuma tana kallon wurin zaman makoki.

Liman ya tsaya a tsakiyar salati. Wani tsoho daga Alela, wanda aka ce ya shekara goma bai miƙe ba sai da sanda, ya miƙe ba sanda, ya bar takalmi ɗaya a tabarma. Kawu babba ya shigo ya kama kunnena ya murɗa. Har yau in an yi sanyi ina jin wurin.

Da aka natsu sai ƙarar ta buɗe bakin mutane. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan siminti suka ce ai ko a buro, wato ofis, haka yake, in ya zauna gaban na'ura sai a kira shi sau uku bai ji ba. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, suka ce ba su taɓa tsayawa ƙofar gidan nan sun tarar da randa ba ruwa ba. Mai shayin bakin tasha ya ce Malbaza ta rasa mutumin da ya fi kowa gardama, ya faɗi haka yana share ido da gefen riga. A cikin gida mata suna ta shiga wurin Tsohuwa, matar Kaka, suna yi mata ya haƙuri.

Ina raba ruwa a tsakar gida na ji wasu tsofaffi biyu suna magana ƙasa-ƙasa, ɗaya ta nuna ni da haɓa.

"Wanga na wa ne?"

"Ɗan ɗiyar da ta rasu ne."

"Af, ɗan mace. To shi ina za a kai shi?"

Ɗayar ta taɓe baki ta karɓi moɗa.

Ga yadda gidan yake. Mu bakwai Kaka ya bari: Tsohuwa da yara shida. Biyar 'ya'yan Kawu na tsakiya ne, wanda ya rasu tun muna ƙanana. Su jinin gida ne, kowa ya san baffanninsu biyu za su raba su, Kawu babba mai motoci a Konni da Kawu ƙarami mai koyar da lissafi a Ilela. Ni kuwa ta wajen uwa na shigo. A wurinmu ɗan mace na dangin ubansa ne. Ubana direba ne daga ƙetaren iyaka, ya tafi ina goye, wasu sun ce Gusau, wasu sun ce Ikko. Da innata ta rasu ba wanda ya zo daga wajensu. Kaka ne ya je ya ɗauko ni a gaban kamyon siminti, ya sa ni lakwal, har na kai aji biyu a kolej. Gidan kuma na haya ne, da Tsohuwa ta fita takaba za a mayar da makulli.

Ban rubuta wannan don in ba da labarin kaina ba. Na rubuta ne don na ga an fara mantawa da yadda Kaka yake tari kafin ya yi magana.

Shi dogo ne, siriri, tabaransa ɗaure da zare ta baya. Ni da shi ba ma zama inuwa ɗaya ba mu taɓa juna ba. Ina ce masa Tsohuwa matata ce, aro na ba shi, ya kusa dawo da ita. Shi kuma ya ce mijin da ba ya iya wanke wuyansa ba a ba shi ko akuya. In an kawo tuwo ko an yanka kaza an rarraba, ba ya sa hannu sai ya yi tarin nan guda biyu, ya leƙa tukunya, ya ce, "Ina saura? Kuma na wa ne?" Sai an faɗi sunan mai shi, ko maƙwabci ko wanda ya tafi aike, sannan ya yi bismilla. Mun ɗauka rowa ce ta tsufa.

Na'urar, wadda shi yake kira ordinatar, ya sayo ta ne kwance a Sakkwato bayan ya ajiye aiki. Kamar tafireta take, a haɗa ta da tele, a haɗa ta da rakoda. Abin da ka koya mata a kaset ake ajiyewa, in ka sa kaset ɗin a kunne sai ka ji kamar ana soya ƙwari da rai. Tsohuwa ta ce ya sayo rediyon da bai iya waƙa ba.

Rigimar ta faro ne daga ɗiban ruwa. Kullum da yamma sai an tura kura zuwa famfo, kullum sai an yi faɗa. Manya su ce sun girma, ƙanana su ce ba su kai ba. Kaka ya ce to na tsakiya zai riƙa zuwa, kuma na'ura za ta nuna shi, don kada a ce ya yi son kai. Ya tara mu. Ya jera sunayenmu shida bisa ga shekaru. Ya ce mata ta haɗa lambar na farko da ta ƙarshe, ta raba biyu, ta ɗauko sunan da ke wurin. Ya danna. Sunana ya fito a tele, fari ƙal. Ni ne na huɗu.

Taubashiyata, wadda take ta uku, ta yi guɗa har kaji suka watse.

Na tura kura har tafin hannuna ya zama kamar bayan kada. Wata rana a aji, mushe, wato malaminmu, yana ta bayani, ni ina ta tsine wa famfo a zuci, sai na rubuta a gefen kaye, littafin rubutuna: ɗaya da shida bakwai, a raba biyu. Uku da rabi. Na dawo gida da gudu.

"Tsoho, na'urarka maƙaryaciya ce. Uku da rabi ne. Ni na yi maka kama da uku da rabi?"

"Da rabi dai ka yi kama. Zo mu gani."

Ya tambaye ta bakwai a raba biyu. Ta ce uku birgil biyar, wato uku da rabi. Ya ce ta ɗauko na uku birgil biyar a jerin. Ta ɗauko ni, ko tari ba ta yi ba. Kaka ya cire tabarau ya goge ya mayar. Washegari ya ɗauki tambayar ya kai wa wani tsohon yaronsa a buro, mai wata irin na'ura daban. Waccan ta yar da rabin, ta ɗauko ta uku. Tambaya ɗaya, na'ura biyu, yara biyu.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ko ranar da na sa wa jakin maƙwabci tabaransa. Ya ƙi cin abinci. Yana ta kai da komowa a tsakar gida yana cewa, "Ba zaɓen ya dame ni ba. Ta yanke hukunci ba ta gaya wa kowa ba. Ta san babu na uku da rabi, ta sani sarai, ta yi shiru ta miƙo mani yaro."

Na ce to tun da an gane zalunci, a biya ni wahalata. Ya ce a dai koma yi bi da bi. Amma sunan ya riga ya bi ni. Daga ranar Na-huɗu yake kirana.

A nan ya ɗauki aikin da ya cinye sauran kwanakinsa. Ya ce harshen da aka haifi na'urar da shi, wani guntun Turanci, ba shi da ladabi, shi zai koya mata wani a kansa, da Hausa. In an sa kaset ɗinsa ta gama ƙugi, sai ta fara jin umarni irin namu. Ya yi mata rabo iri biyu. RABA na abin da ake iya yankawa ne, kamar yadi ko igiya ko man gyaɗa: bakwai RABA biyu, uku da rabi. KASA kuwa na abin da ba a yankawa ne, kamar yadda mai tumatir ke kasa kayanta a kasuwa: bakwai KASA biyu, sai ta rubuta uku, a ƙasa ta ƙara SAURA DAYA. Ba yadda za ka yi ka hana ta faɗin sauran nan. Na gwada. In kuma ka ce DAUKO ka ba ta lamba mai rabi, sai ta tsaya cik ta rubuta:

BABU NA UKU DA RABI. FADI WANDA KAKE NUFI.

Ya kan sa ta ta rubuta wannan don daɗi kawai, ya jingina da kujera yana kallo kamar ɗansa ne ya yi sauka.

Da babban hutu Kawu ƙarami ya zo, aka nuna masa. Ya duba, ya yi murmushin malaman lissafi.

"Baba, wanga wahala ce. Na'ura don ta rage wa mutum aiki anka yi ta. In ta ga rabi ta yar, kowa ya san dokar, shi ke nan."

"Kowa wa? Ni da na saye ta ban sani ba."

"To ka rubuta dokar a takarda."

"Wanda ya karanta takarda ya sani. Wanda anka tura famfo fa?"

Suka yi ta yi har tuwo ya huce. Da Kawu ya ga ba ya ci ta nan, sai ya zagayo. Ya ce a cire suna ɗaya a jerin su zama biyar. Ɗaya da biyar shida, shida RABA biyu uku cif, ba rabi ba ɗigo. Ya ce DAUKO. Na'ura ta ɗauko. Kawu ya ce, "To ka gani, ba ta ƙi ba."

Kaka ya ƙura wa tele ido. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Ai wanga ya fi muni. Yau su biyar ne ta wuce lafiya, mai aiki ya tafi shina murna ya rubuta daidai. Gobe a yi haihuwa su zama shida, ta tsaya mai a tsakiyar hanya. Gara tun yau ta ce mai, abin da ya fito daga RABA ba a ɗauko mutum da shi, je ka yi KASA."

"Haba Baba! Uku ai uku ne!"

"Uku na sa'a ne."

"Ka kai maganar ga kowane malami a ƙasar ga, dariya za a yi maka."

"Ka ce su zo su yi a nan, akwai tabarma."

Kawu ya koma Ilela bai yi masa sallama mai kyau ba. Kaka kuma ya kasa tsayawa a wuri ɗaya. Yau ya gyara ta ƙi ukun RABA, jibi ya ce ko dai yaron nan yana da gaskiya, ya mayar. Tsohuwa ta ce mutum biyu masu gemu sun ɓata a kan uku.

Ciwon ajalin Kaka bai daɗe ba. Da ya yi tsanani, wata safiya bayan an ba shi kunu, ya ɗaga yatsa ya kira ni. Matan da ke ɗakin suka matsa, ana zaton wasiyya ce. Ni kuwa na san abin da nake so ya ce. Kalma ɗaya ta isa: a bar Na-huɗu a lakwal, wane ya riƙe shi. Na kai kunnena bakinsa. Ya yi tarin nan biyu.

"Ka gaya wa kawunka na Ilela, na tsaya a kan maganar ukun RABA. Ta ƙi. Ko cif ya fito, ta ƙi."

Na jira ko da ƙari. Ya rufe ido ya yi barci. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba sai salati. Na fita bayan gida na ji haushinsa kamar in mutu, ina ta ce masa a zuci, tsohon banza, ni fa? Allah ya yafe mani.

Tsakanin sadakar bakwai da ta arba'in ban san ɗanɗanon abinci ba. Yaron motar Kawu babba ya tsegunta mani cewa an yi maganar a sa ni a mota mai zuwa ƙetare, a ba direba sunan ubana, ya yi ta tambaya tasha-tasha har a dace. Na riƙa ganin kaina a bayan kamyo kamar buhun da ba a rubuta wa suna ba, ana sauke ni ana mayarwa, har in yi furfura tsakanin Gusau da Ikko. In na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ko ni aka zo ɗauka. A aji mushe ya yi mani tambaya na amsa da "amin". Na je wurin Tsohuwa, ta ja carbi ta ce, "Ragon miji, ni ma kaya ce yanzu, inda anka aje ni nan zan zauna. Yi ta addu'a." Na isar wa Kawu ƙarami saƙon Kaka. Ya kau da kai ya ce, "Har a nan bai bari ba." Bai ce komai a kaina ba.

Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse da la'asar, kawunnai biyu suka zauna a zaure da liman da wani ƙanen Kaka. Aka ce mu yara mu zauna daga bakin ƙofa. Tsohuwa tana bayan labule.

Kawu babba ba ya son dogon zance. Ya ce, "Abin mai sauƙi ne. Inna da ƙananan biyu su taho Konni. Kai ka ɗauki manyan uku, tun da kana kusa da lakwal. Uku can, uku nan. Malam, a shafa."

Liman ya ɗaga hannu. Kawu ƙarami yana kallon tabarma. Taubashiyata ta dube ni ta sunkuyar da kai. Na ga tafin hannun liman yana tashi zuwa fuskarsa, na san in ya shafa an gama.

Ban shirya ba, wallahi. Ni dai na san duk gidan ba wanda ya kai ni iya kwaikwayon Kaka, har na taɓa sa Tsohuwa ta kawo mani furarsa daga bayan ƙofa. Sai na ji maƙogwarona ya yi tari biyu, muryar tsohon ta fito daga bakina:

"Ina saura? Kuma na wa ne?"

Liman ya tsaya, karo na biyu ke nan ta dalilina. Ƙanen Kaka ya ce a'uzubillahi ya waiga. Kawu babba ya miƙe, na ga hannun da ya san kunnena yana tahowa.

"Ɗan banza, da mamaci kake wasa?"

Daga bayan labule Tsohuwa ta ce, "Zauna. An yi maka tambaya, ba ka amsa ba."

Ya zauna. Ya ce ai ba mantawa ya yi ba, yaron ɗan mace ne, shina da dangi, hakkinsu ne. Ƙanen Kaka ya ce haka al'ada take. Tsohuwa ta ce, "Ranar da ɗiyata ta rasu, ina al'adar ta tsaya shan ruwa?"

Kawu ƙarami ne ya fara wani abu kamar dariya, sai ga hawaye. Ya goge da hula. Ya ce, "Yaya, bakwai ne. Mun kasa biyu, mun yi shiru da ɗaya."

Kawu babba ya yi tsaki, ya ce to a yi rabi da rabi, in yi wata shida a Konni ina bin mota, wata shida a Ilela. Na buɗe baki zan ce wace lakwal ce ke karɓar rabin ɗalibi, Kawu ƙarami ya riga ni.

"Babu na uku da rabi, Yaya." Ya juyo gare ni. "Kai, Na-huɗu. Faɗi wanda kake nufi."

Na ce, "Inda akwai kolej."

"To ka zama na huɗu a wurina. Malam, yanzu a shafa."

Aka shafa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa kabarinsa ya fi ɗakinsa sanyi, ya ba shi maƙwabta masu jure gardama.

Da Tsohuwa ta fita takaba aka mayar da makulli. Ita tana Konni, tana aiko mani da ƙuli-ƙuli da zagi. Ni ina Ilela, na shiga aji uku. Na'urar tana kan kabad a ɗakin Kawu ƙarami an rufe ta da zane, don gidan ba wuta. Kaset ɗin kuwa, taubashiyata ta ɗauka fanko ne, ta naɗi waƙar biki a kai, ba abin da ya rage sai ƙugi kaɗan a ƙarshe. Kawu ya ce in na ci jarrabawa za mu sake rubuta harshen tare, ya kuma ce har yanzu shi a ganinsa uku uku ne. Famfon unguwarmu ya fi na Malbaza nisa. Mu huɗu ne, na tsakiya biyu da rabi ke nan, amma Kawu bai tambayi kowace na'ura ba. Ni ya nuna.